Takardun Soja da Neman Asali a Amurka

Masu karatu sun sha jin labarin yaƙin basasar da aka yi a Amurka daga 1861 zuwa 1865, tsakanin jihohinta na arewa da na kudu, wanda a ƙarshensa aka hana bauta a ƙasar. Yau fiye da shekara 160 ke nan da ajiye makamai, amma har yanzu mutane suna ta bincikar takardun sojan wannan yaƙi, kowa yana neman kakansa. Mun ga ya kamata mu duba dalili.

Baƙaƙen Amurka su suka fi kowa bukatar wannan bincike. A ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba. Sunan ubangiji aka sa, a ƙarƙashinsa kuma shekarun bawa da launinsa, da ko namiji ne ko mace. Sai a ƙidayar 1870 aka fara rubuta su da sunayensu. Saboda haka mai bin salsala yakan yi ta komawa baya har 1870, daga nan sai sawu ya ɓace masa.

To, takardun soja su ke nuna masa sauran hanya. A watan Mayu 1863 Gwamnatin Shugaba Lincoln ta kafa ofishin ɗaukar baƙaƙe aikin soja, kafin yaƙi ya ƙare kuwa kimanin 180,000 sun shiga. Wanda ya zo, akawu yakan rubuta sunansa da shekarunsa da inda aka haife shi da sana'arsa. Takardun fensho ma sun fi waɗannan amfani. Dokar lokacin ba ta san auren bayi ba, don haka matar sojan da ya mutu, in tana neman fensho, sai ta kawo shaidu su yi rantsuwa. A cikin wannan shaida akan sami sunayen 'ya'ya, da na tsohon ubangiji, da gonar da aka zauna. Takardun suna gidan ajiyar takardun tarihi na Washington, an kuma sa da yawa a intanet. Fenshon sojan kudu kuwa jihohinsu ne suka biya, takardun suna hannunsu.

Har ɗan Barno yana cikin waɗannan takardu. Muhammadu Ali Sa'id, wanda Turawa suka sani da Nicholas Said, a Kukawa aka haife shi. Aka kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, ya zauna Turkiyya da Rasha, daga bisani ya isa Amurka. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, har ya zama saje. Amma a littafin tarihin rayuwarsa na 1873, wanda ya fitar yana zaune a kudu cikin waɗanda ya yaƙa, bai ambaci aikin sojan ba. Abin da ya yi shiru a kai, rajistar runduna ta faɗa.

Duk da haka ba mu ce takarda ba ta kuskure ba. Wani bawa da sunan ubangijinsa ya shiga soja, ya sake suna bayan yaƙi. Wani ya ɓoye sunansa don tsoron a kama shi. Wani kuma akawu ne ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ji, zuriya ta yi ta nema ba ta gani ba.

Nan ne abin ya shafe mu, musamman akawuna da malaman makaranta. Akawun da ya cika rajista a 1863 bai san jikokin sojan za su dogara da alƙalaminsa ba. Haka littafin haraji da na kotun alƙali da rajistar makaranta suke. Wanda ya rubuta suna daidai, da na uba da na gari, ya kuma tsare littafin daga gara da ruwa, ya ajiye wa wata zuriya asalinta. Wanda ya yi ganganci kuwa ya ɓatar mata da kaka.