Zauren da Ke Gaban Kowane Shafin Intanet

Ranar 8 ga Yunin 2021, masu neman shiga shafin gwamnatin Birtaniya, da jaridun Guardian da New York Times, da dandalin Reddit, duk suka ci karo da farin allo ɗauke da lambar kuskure 503. Babu wanda ya yi wa waɗannan shafuka kutse, kuma kwamfutocinsu lafiya ƙalau suke. Abin da ya faɗi shi ne kamfanin Fastly, wanda ke tsaye tsakaninsu da masu ziyara. Wani abokin cinikin kamfanin ya sauya saitinsa ta halastacciyar hanya, sauyin ya tayar da wani aibi da ke kwance cikin manhajar da aka ɗora tun 12 ga Mayu, sai kashi 85 cikin ɗari na hanyoyin Fastly suka koma mayar da kuskure. An ɗauki mintuna 49 kafin yawancinsu su dawo daidai.

Aikin da Fastly ke yi wa manyan shafuka shi ne aikin da wata ƙaramar manhaja ke yi a gaban kusan kowane shafi da aka gina da hankali. Masu sana'ar suna kiranta ribas furoksi, amma wakilin ƙofa ya fi bayyana ta. Wanda ya san gidan Hausa na gargajiya ya riga ya san tsarin: baƙo yana tsayawa a zaure ya yi sallama, a shiga da saƙonsa, a fito masa da amsa, bai ga tsakar gida ba, bai san ɗakuna nawa ne a ciki ba. Haka wakilin ƙofa ke karɓar kowace buƙata daga waje ta ƙofa ta 80 ko ta 443, ya miƙa ta ga ainihin manhajar shafin da ke ɓoye a ciki, ya karɓo amsa ya mayar.

Da yawa daga cikin masu koyon gina shafuka suna ɗaukar wannan mataki a matsayin ƙawa. Shafin ya riga ya yi aiki a kwamfutarsu, don haka sai su kwashe shi yadda yake su ɗora a kan sabar haya, su buɗe wa duniya. Wannan kuskure ne, kuma waɗanda suka ƙera kayan aikin sun faɗi hakan ƙarara. Takardun Django sun gargaɗi mai amfani da kada ya yi aikin gaske da sabar gwaji da ke zuwa da ita, domin ba a tantance ta ta fuskar tsaro ko ɗaukar nauyi ba. Flask tana buga irin wannan gargaɗi duk lokacin da aka kunna ta. Hatta Gunicorn, wadda an gina ta ne don aikin gaske, takardunta sun ba da shawarar a sa Nginx a gabanta.

Babban dalilin shi ne baƙo mai nawa, wato mai ziyarar da intanet ɗinsa ke tafiyar hawainiya. Gunicorn, a saitinta na asali, tana da ma'aikata ƙidayayyu, kowane yana sauraron buƙata ɗaya har ya gama da ita. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ninka adadin ƙwaƙwalwar kwamfutar sau biyu a ƙara ɗaya, ke nan saba mai ƙwaƙwalwa biyu ma'aikata biyar take da su. To, a ce ɗalibai biyar suna ɗora hoton takardar shaidarsu daga ƙauyen da siginar waya ke zuwa tana ɗaukewa, kowanne yana ɗaukar daƙiƙa ashirin. A tsawon wannan lokaci duk ma'aikatan biyar a ɗaure suke, ba aikin komai suke ba sai jira, kuma mutum na shida zai ga shafin ya tsaya cik ko da yana zaune kusa da turken sadarwa. Idan akwai wakilin ƙofa, shi ne ke yin jiran. Yana tattara hoton sannu a hankali har ya cika, sannan ya miƙa wa ma'aikacin cikin ƙiftawar ido. Shafin da yawancin masu ziyararsa da wayar hannu suke shiga, daga wuraren da sadarwa ba ta da ƙarfi, ya fi kowane shafi buƙatar wannan kariya. A 2009 Robert Hansen ya fitar da wata manhaja mai suna Slowloris wadda ta nuna cewa kwamfuta guda, ta hanyar aika buƙatu rabi da rabi da gangan, tana iya durƙusar da sabar Apache baki ɗaya.

Nginx kanta an haife ta ne don irin wannan jira. Igor Sysoev, injiniya a kamfanin Rambler na Rasha, ya fara rubuta ta a 2002 ya kuma sake ta ga jama'a ranar 4 ga Oktoban 2004. Maimakon ware ma'aikaci ga kowane baƙo, ma'aikacinta guda yana lura da dubban baƙi, yana waiwayar wanda ya shirya kawai. Darajar wannan dabara ta kai kamfanin F5 na Amurka ya sayi kamfanin Nginx a kan dala miliyan 670 a 2019.

A zauren ne kuma ake kula da takardar shaidar ɓoye saƙo, wadda Let's Encrypt ke bayarwa kyauta amma take ƙarewa bayan kwana 90, don haka dole a tanadi sabunta ta kai tsaye. Caddy tana yin wannan da kanta. A nan ake raba hotuna ba tare da an dami manhajar ciki ba, a nan ake rarraba nauyi idan sabobin sun zama biyu.

Sai dai girka wakilin ƙofa ba shi ne fahimtarsa ba, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Ana kwafo saiti daga intanet a liƙa, shafi ya buɗe, a tashi. Abu na farko da ake mantawa shi ne ƙofar baya: idan manhajar ciki tana sauraron duniya maimakon adireshin cikin gida na 127.0.0.1, to an gina zaure an bar katanga a rushe. Na biyu shi ne adireshin baƙo. Tunda kowace buƙata ta hannun wakilin take zuwa, manhajar ciki tana ganin mutum ɗaya ne ke ta shigowa, sai an umarci wakilin ya rubuta adireshin asali a kan saƙon. Amma baƙo ma yana iya rubuta na ƙarya a wannan gurbi, kuma manhajar da ta gaskata duk abin da ta gani ta buɗe wa mai zamba hanyar kauce wa iyakar da aka sa. Ko da adireshin na gaskiya ne, kamfanonin waya kan haɗa ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda, saboda haka toshe adireshi ɗaya na iya zama korar unguwa guda saboda laifin mutum ɗaya.

Akwai kuma ƙananan lambobi masu manyan sakamako. Nginx, idan ba a sauya ba, ba ta karɓar saƙon da ya wuce megabait ɗaya, hoton waya kuwa yakan ninka haka, sai mai neman aiki ya ga lambar 413 bai san laifinsa ba. Tana jiran amsar manhajar ciki daƙiƙa 60 ne, daga nan ta ba da 504. A 2018, mai binciken tsaro Orange Tsai na Taiwan ya nuna a taron Black Hat yadda mantawa da karan tsaye guda a ƙarshen sunan jaka ke bai wa baƙo damar hawa jakar da ke sama, inda galibi kalmomin sirri ke ajiye.

Masu suka za su ce labarin Fastly hujja ce a kan wannan tsari, domin ƙofa ɗaya idan ta rufe kowa ya tsaya a waje. Suna da gaskiya a wani ɓangare, kuma akwai abin da ya fi rufewa muni: a Fabrairun 2017 Tavis Ormandy na Google ya gano cewa wani aibi a wakilan Cloudflare yana zubar da guntayen bayanan wasu shafuka cikin amsoshin wasu. Duk abin da ya ratsa zaure, mai zauren yana ganinsa a buɗe. Amma wannan hujja ce ta a san wa aka ba amanar ƙofa, kuma a rage abin da ke iya karyewa a cikinta. Ƙungiya ko makarantar da ke da saba ɗaya ta fi samun kwanciyar hankali da saiti mai layi talatin wanda ma'aikacinta zai iya bayyana kowane layinsa, fiye da mai layi ɗari uku da aka aro. Nginx tana da umarnin gwada saiti kafin a ɗora shi, wanda ba ya cin daƙiƙa guda, kuma tana iya ɗaukar sabon saiti ba tare da ta katse waɗanda ke tsakiyar cike fom ba.