Lafiya Uwar Jiki: Sanƙo Mai Barin Tabo

A wannan mako za mu duba wani ciwo da yawancinmu ba mu ɗauke shi a bakin komai ba, sai ya gama ɓarna a fara neman magani. Ciwon kuwa shi ne zubewar gashi wadda kumburin fatar kai ke haddasawa.

Da farko ya kamata a san cewa zubewar gashi iri biyu ce. Mutum yana da gashi wajen 100,000 a kansa, kullum kuma 50 zuwa 100 sukan zube, wasu su maye gurbinsu. Ko matar da gashinta ya zube bayan haihuwa ko zazzaɓi mai tsanani, yakan dawo, domin saiwarsa na nan da rai. Amma a iri na biyu, kumburi ne ke cin saiwar a ƙarƙashin fata har ya kashe ta, tabo ya rufe gurbin. Wurin sai ya yi sumul yana ƙyalli, ba a ganin ko ramin gashi. Inda haka ta faru, babu man shafawa ko saiwar itacen da za ta sake tsiro da shi.

Wanda ya fi damun mata baƙar fata yakan fara ne daga tsakiyar kai, ya riƙa faɗaɗa sannu a hankali. A shekarar 1968 likitoci a Amurka suka bayyana shi, suka ɗora laifin a kan mataji mai zafi da ake miƙar da gashi da shi. Daga baya aka ga yana kama har waɗanda ba su taɓa amfani da shi ba. A 2019 wani bincike, wanda Farfesa Ncoza Dlova ta Afirka ta Kudu ke cikin masu yinsa, ya nuna cewa akwai gado a cikin lamarin. Saboda haka bai dace a riƙa zargin mace da cewa ita ta jawo wa kanta ba. Duk da haka, kitso mai tsauri da ƙarin gashi mai nauyi suna cinye gaban goshi, in an daɗe ana yi kuma gashin ba ya dawowa.

Maza ma ba su tsira ba. Ƙurajen nan masu tauri da ke fesowa a ƙeya, waɗanda askin ƙwal-kwabo ke ƙara tsananta su, sukan haɗe su zama tudun tabo. Haka nan ƙora a kan yara: idan ta kumbura ta tara mugunya aka yi sakaci, yaro yakan girma da fili a kansa. Ita ƙora, shafe-shafe kaɗai ba ya kashe ta, sai an haɗa da maganin sha na makonni.

To, mene ne abin yi? Alamun da za a lura da su su ne ƙaiƙayi, da zafi ko raɗaɗi a fatar kai, da ƙuraje, da gashi mai karyewa a wuri guda. Wanda ya ga haka kada ya tsaya yana cewa amosani ne, ya nemi likitan fata. Likita zai iya yankar ɗan ƙanƙanin yanki na fatar a auna, sa'an nan ya ba da maganin shafawa, ko allura a wurin, ko ƙwayoyi masu kwantar da kumburi. Aikin maganin shi ne tsare abin da ya rage, don haka wanda ya je da wuri shi ke tsira da gashi mai yawa.

Muna roƙon makitsa da masu aski su taimaka, domin su ne ke ganin tsakiyar kai da ƙeyar da mai su ba ya gani. In kun ga wuri ya fara sumul, ku faɗa wa mai shi, ku sassauta hannu, ku kuma tsabtace kayan aiki. Iyaye mata kuma, in yarinya ta ce kitso na yi mata zafi, a tsefe shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.