A Sanar Da Malami Kafin A Tafi Da Yaro Ganin Gida

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi kira ga 'yan'uwana iyayen yara, musamman mu 'yan tireda.

Hutun Sallah kwana 2 gwamnati kan bayar, amma in mun kwashi iyali zuwa ƙauye sai mu share mako 2, ga biki ga suna, ba wanda ya ce wa malami uffan. Ni kaina na yi haka bara. Muna can aka yi gwajin lissafi, yarona ɗan aji 5 ya tashi da sifiri. Abin kunyar ma, malamin har shagona ya zo sau biyu, yana zaton yaron ba shi da lafiya.

Ba cewa nake a bar zumunci ba. Amma ka je da ƙafarka, kada ka aiki yaro, don zai manta. Ka faɗi ranar tafiya da ta dawowa, ka roƙi malam ya nuna shafukan da zai karanta a can. Bana haka na yi, har aikin gida na kwana 10 ya ba shi.

Naka,
Wani mai tireda, Funtuwa.