Jirgin Yaƙin Amurka Ba Shi Ne Mai Cetonmu Ba



A ƙarshen Oktoban 2025, Shugaba Donald Trump ya sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ta ce ana tauye 'yancin addini, har ya yi barazanar turo sojoji domin kare Kirista. Ranar Kirsimeti kuma Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Masu bi da yawa sun yi murna, wasu ma sun ce amsar addu'a ce. Ba na raina wannan murnar, domin hawayen Filato, Binuwai da Kudancin Kaduna gaskiya ne, kuma an daɗe ana kuka ba mai saurare. Amma ina roƙonmu mu yi hattara.

A Amurka bangaskiya tana da ƙarfi a akwatin zaɓe. Kusan takwas cikin goma na fararen Kirista 'yan bishara ne suka zaɓi Trump a 2016, 2020 da 2024. Ɗan siyasar da ya san haka dole ya yi maganar da za ta faranta musu. Sai dai mai jefa ƙuri'a a Teksas ba shi ne zai kwana a Yalwawa ba idan gari ya rikice.

Tarihi ya riga ya koya mana. A Oktoban 2001, da Amurka ta fara luguden wuta a Afganistan, zanga-zangar da aka yi a Kano ta rikiɗe ta zama rikici, aka rasa rayuka, aka ƙona majami'u da masallatai. A 2002 wasu shugabannin Kirista a Amurka sun rubuta wa Shugaba Bush wasiƙar goyon bayan yaƙin Iraƙi, yayin da Paparoma John Paul na Biyu ya ƙi amincewa. Kafin yaƙin 2003, Kiristocin Iraƙi sun haura miliyan ɗaya. Yau ba su kai rabin haka ba, kuma a 2014 aka kori waɗanda suka rage a Mosul. Giwaye suka yi faɗa, ciyawa ta sha wahala.

Annabi Ishaya, a sura 31, ya gargaɗi mutanen Allah da suka ruga Masar neman taimako suna dogara ga dawakai da karusai. A Getsamani kuma Ubangijinmu ya umarci Bitrus ya mayar da takobinsa kube.

Wannan ba ya nufin mu yi shiru. Kare rai hakki ne a kan gwamnatin Najeriya, mu nemi wannan hakkin ta bakin CAN, ta wurin wakilanmu, da katin zaɓenmu. Mu kuma tuna cewa 'yan bindigar Zamfara da Katsina suna kashe Musulmi da yawa. Makokinsu namu ne. Kada mu yi guɗa a Facebook idan bam ya faɗi a ƙauyen wani. Maƙwabcinka da kuke haɗuwa a kasuwar Shuwarin yana karantawa, kuma ta bakinka zai auna Yesun da kake wa'azinsa.

Ya Ubangiji, ka ba shugabannin Abuja da na Washinton hikima, ka ta'azantar da masu makoki, ka sa begenmu ya tsaya a kanka kaɗai. Amin.