KAYAN WUTA MARASA ASALI

Jama'a, duk wanda ya taɓa sayen sa a kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san ba a kan ƙiba kaɗai ake ciniki ba. Sai an tambayi dillali daga ina dabbar ta fito, wane ne mai ita, wa zai tsaya shaida. In an rasa amsa, mai hankali ya kan bar ta ko da an karya masa kuɗi. To, abin mamaki, mu ɗin nan da mu ke wannan bincike a kan sa, in mun zo sayen kayan lantarkin da za a sa a ɗakin kwanan yara ɗari, ba mu tambayar kome sai kuɗi.

Abin da na ke nufi musamman shi ne ɗan akwatin nan da ke jikin bango, wanda masu gyaran wuta ke kira bireka, watau makatsar wuta. A cikinta akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwashewa in ya ji zafi, da kuma maganaɗisu. Kadan wuta ta yi yawa, ko wayoyi suka haɗu, sai ta katse kafin waya ta kama. Amma a rufe ta ke ruf, ido ba ya ganin cikinta. Tsohuwar da aka wanke aka liƙa mata sabuwar takarda, da sabuwa ful, kamarsu ɗaya. Ba a gane ta banza sai ranar da aka bukace ta, ran nan kuwa gyara ya wuce.

Kada a zaci mu kaɗai a ke cuta. A shekarar 1988 aka gano a tashar lantarki ta nukiliya da ke Diablo Canyon, a Jihar Kalifoniya ta Amurka, cewa waɗansu bireku da aka sayo da sunan sababbi ashe tsofaffi ne da aka yi wa kwaskwarima. A irin wannan tasha haɗarin gida biyu ne. In bireka ta ƙi katsewa, gobara. In kuwa ta katse ba dalili, famfon da ke sanyaya tukunyar nukiliya na iya tsayawa, alhali tukunyar ba ta daina fid da zafi ko bayan an kashe ta. Saboda haka a watan Nuwamba na shekarar, hukumar da ke lura da nukiliya a Amurka ta umarci tashoshi su bi sawun birekun da suka tanada domin na'urorin tsaro har zuwa masana'antar da ta ƙera su. Wadda aka kasa gano asalinta, tilas a gwada ta ko a sauya ta.

A lura da hukuncin nan da kyau. Ba su ce a jira sai ta nuna aibu ba. Rashin asali shi kansa aibu ne.

Koriya ta Kudu ta sha irin wannan. A Nuwamba 2012 aka tsai da tukwane biyu a tashar Yeonggwang domin a sauya dubban kayayyakin da aka shigo da su da takardun shaida na jabu. A 2013 aka sake tsai da waɗansu saboda wayoyi masu shaidar ƙarya, aka kai mutane wajen 100 gaban shari'a. Injiniyoyi ba su rasa ilmi ba. Takarda ce ta yi ƙarya, waɗansu kuma suka sa hannu ba su duba ba.

Wani zai ce, ina ruwan Gumel da nukiliya? To, ba nisa. A Zariya, a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike wadda ta fara aiki a 2004. A 2017 kuma Nijeriya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a kan gina tashoshin nukiliya. In ranar ta zo, waɗanda za su riƙe sito da littattafan irin wannan tasha su ne yaran da ke gabanmu a aji yau. Halin da suka ga muna yi da rasit da baucoci, shi za su tafi da shi.

Ko ba wannan ba, haɗarin yana ƙofar gidanmu. Daga Gagarawa har Sule Tankarkar, rijiyoyin burtsatse da asibitoci da makarantu sun koma ga hasken rana da janareto, kowanne kuwa da birekarsa. Na taɓa zuwa duba wata makaranta bayan wuta ta kama a sitonta, Allah ya taƙaita ba a rasa rai ba. Na nemi takardar sayen birekar da ta ƙi katsewa. Abin da aka rubuta kurum shi ne, “kayan wuta, an biya.” Ba sunan kanti, ba sunan masana'anta, ba lamba. Ɗan kwangila ya ce a kasuwa ya saya, mai kanti kuwa ba a san ko wane ne ba. Aka rasa wanda za a kama, aka kuma rasa sanin ko sauran birekun makarantar 'yan uwanta ne.

Na san hujjar da a kan kawo: kuɗin kaɗan ne, na asali kuwa da tsada, kuma sai an je Kano. Gaskiya ne. Amma araha ba ta ado. A auna rarar da aka samu da kuɗin rufin kwano guda, balle ran ɗan mutum.

Don haka ina roƙon akawunan ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu abu uku. Na farko, kada a sa hannu a bauca sai an rubuta sunan masana'anta, da lambar kaya, da kantin da ya sayar. Na biyu, a buɗe littafi a kowace makaranta, a rubuta inda aka sa kowace bireka da ranar da aka sa ta. Na uku, wadda aka tarar ba a san asalinta ba, a fara sauya ta ɗakin kwana da ta asibiti, wadda aka cire kuma a fasa ta, don kada ta koma kasuwa. Kayan da aka yi shakkarsu a kai ƙara ga Hukumar SON, gama aikinta ke nan.

Malamai kuma su koya wa yara cewa alƙalamin akawu yana tsare rai kamar yadda ya ke tsare kuɗi. Allah ya kiyashe mu da gobara, ya ba mu ikon riƙon amana. Amin.

Wani Jami'in Ilmi, Gumel.