Alƙawarin da Linux ke ɗauka, da babin da ya ɓace



Yawancinmu a waya muke rubutu, kuma mun san wannan baƙin cikin: kana tsakiyar babi, ka leƙa WhatsApp, ka dawo ka tarar manhajar ta buɗe sabuwa fil, shafi uku sun tafi. Sai mu zagi wayar. Mu kuwa a ganinmu ba lalacewa ta yi ba, tsarinta ne haka.

Android a kan Linux aka gina shi. Ɗabi'ar Linux ita ce idan manhaja ta nemi gurbi a ma'adanar aiki, wato ram, sai ya ce ya ba ta ko da babu isasshe. Kamar mai biki ne da ya raba katin gayyata dubu alhali kujera ɗari biyar ya haya, don ya san ba kowa zai zo ba. Kuma yana da hujja, domin manhajoji kan nemi fiye da abin da za su taɓa. Ranar da kowa ya hallara ne ake jin jiki. Ba a ba kowa haƙuri. Akwai hauni a cikin tsarin da ke zaɓar manhaja ya kashe ta nan take. Android ma nasa haunin daban ne, ba ya jira ma'adanar ta cika, kuma da manhajojin da aka bari a baya yake farawa. Wato daidai wadda muka bar babinmu a ciki.

A kwamfuta mai Linux ana iya sauya halin ta saitin vm.overcommit_memory. Lamba 0 ce ta asali, tana ƙin roƙon da ya wuce hankali kawai. Lamba 1 ba ta ƙin komai. Lamba 2 tana kafa iyaka, a ce wa manhaja "babu" tun da wuri. Masu Redis sun fi son 1, takardun PostgreSQL kuma suna nuna 2.

Mu dai mun karkata ga 2, ko da za a bar wani gurbin ba a mora ba. Manhajar da aka ce wa babu tana da damar adana aiki ta yi gargaɗi. Wadda aka kashe ko sallama ba ta yi.

A waya ba a ba mu wannan zaɓin ba. Don haka kafin ka amince wa wata manhaja da littafinka, rubuta layi biyu, buɗe wasu manhajoji goma masu nauyi, ka dawo ka ga ko layukan suna nan.