A Kan Masu Ɗaure Kanel Su Manta Da Shi

Yau maganar kwamfuta zan yi, domin tun da kamfanin Microsoft ya janye hannu daga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, mutanenmu da dama suka koma Linux, galibi Ubuntu ko Linux Mint. Dalilin ba boyayye ba ne. Yawancin laftof ɗin da muke saya a Computer Village da ke Ikeja tokumbo ne, kuma Windows 11 ba ta yarda da tsofaffin injina, tana neman TPM 2.0 da furosesa ta Intel daga zubi na 8 zuwa sama. Wanda ke riƙe da Dell Latitude E6430 ko ThinkPad T430 na 2012 ba ya cikin lissafinsu ko kaɗan.

Komawa Linux shawara ce mai kyau, ban da ja a kanta. Abin da nake ja da shi wata ɗabi'a ce da ta yaɗu a tsakanin masu gyara, wato ɗaure kanel.

Ga wanda bai sani ba, kanel shi ne ƙwayar babbar manhajar, shi ne ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da duk sauran manhajojin da kake gani a fuskarta. Shi ke magana da allo da madannai da na'urar wayalas da firinta, shi ke raba wa kowace manhaja wurin zama a cikin ƙwaƙwalwar injin, kuma shi ke hana wannan shiga gonar wancan. Linus Torvalds ne ya fara rubuta shi a 1991 yana ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, kuma har yau duk wata biyu zuwa uku ake fitar da sabon zubi.

To ga yadda matsalar take faruwa. Wasu daga cikin waɗannan tsofaffin laftof suna zuwa da katin hoto na Nvidia, irin su NVS 5200M, wanda direbansa na ƙarshe shi ne mai lamba 390, kuma Nvidia ta daina kula da shi tun ƙarshen 2022. Wasu kuma na'urar wayalas ɗinsu ta Broadcom ce. Irin waɗannan direbobi ba a cikin kanel suke ba, duk lokacin da sabon kanel ya sauka sai an sake ɗinka su a jikinsa, aikin da wata manhaja mai suna DKMS take yi ba tare da ka sani ba. Ranar da ɗinkin ya ƙi, sai ka kunna injin ka tarar da allo baƙi ƙirin, ko kuma wayalas ya ɓace ɓat. Sai mai injin ya ruga wurin mai gyara. Mai gyara ya mayar da shi kan tsohon kanel, ya buga `sudo apt-mark hold` a kan kunshin kanel ɗin, komai ya dawo daidai, a biya shi, kowa ya kama gabansa. Daga ranar nan injin zai ci gaba da sabunta Firefox da LibreOffice da sauran tarkace, amma kanel yana nan inda aka bar shi, ko da shekara uku za a yi.

Ban ga laifin mai gyara a kan matakin farko ba. Mutum yana da bizines senta a Agege, kwastomomi sun yi layi suna jiran a buga musu takardu, ba lokacin dogon bincike ba ne. A ɗaure na mako ɗaya ko biyu kafin gyara ya fito, wannan hankali ne. Inda nake ganin an ci amanar mai injin shi ne a ɗaure a yi shiru, shi kuma yana ganin saƙon cewa komai ya sabunta, yana zaton ƙofarsa a kulle take.

Akwai abubuwa biyu da ake cakuɗawa, kuma bambancinsu shi ne dukan zancen. Zama a kan tsohon reshen kanel daban, daskarewa a kan lamba guda daban. Ɗauki Ubuntu 22.04 misali. Ta fito a Afrilun 2022 da kanel 5.15, kuma kamfanin Canonical ya ɗauki alkawarin yi wa wannan reshe faci har zuwa 2027. Idan ka buga `uname -r` za ka ga wani abu kamar 5.15.0 sai gajeren layi sai wata lamba. Wannan lamba ta bayan layin ta fara ne daga 25, kuma tun a 2024 ta haura 100. Kusan kowane hawa da ta yi toshe wasu ramuka ne, alhali reshen bai canza ba, direbanka na da yana nan yana aiki. Wanda aka ɗaure masa kanel, wannan lambar ce aka tsayar masa.

To me ya sa injin ke tsallakawa zuwa sabon reshe tun farko? Saboda Ubuntu ta tebur tana zuwa ne a kan layin da suke kira HWE, wanda aka yi domin sababbin injina. A 22.04 wannan layi ya tashi daga 5.15 zuwa 5.19, ya je 6.2, ya je 6.5, ya tsaya a 6.8 a 2024. Injin 2012 ba abin da zai ƙaru da shi a wannan tsalle-tsalle sai ciwon kai da ƙonewar data. Maganin kuwa yana nan a fili, ba sai an ɗaure komai ba: a saka kunshin `linux-generic`, a sake kunna injin, a riƙe Shift ko a danna Esc har jerin GRUB ya fito, a zaɓi 5.15, idan an tabbatar komai na aiki sai a cire `linux-generic-hwe-22.04` da kanel-kanel ɗin da ya jawo. Shi ke nan, ka zauna a tsohon reshe kuma faci na zuwa maka. Aikin bai wuce na rabin awa ba idan NEPA ba su yi halinsu ba. A Linux Mint ma abin ya fi sauƙi, don a cikin manhajar sabuntawarta akwai shafin da ke jera rassan kanel, da bayanin wanda ake kula da shi da wanda aka yi watsi da shi.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha jinsa a majalisa: Malam, wa zai ɓata lokacinsa a kan laftof ɗin mai sayar da albasa a Mile 12? Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Yawancin ramukan kanel sai ɓarawo ya riga ya sa ƙafa a cikin injin kafin su yi masa amfani. Haka Dirty COW yake, wanda aka gano a 2016 bayan ya shekara tara yana kwance a cikin kanel, haka ma wanda aka yi wa lamba CVE-2024-1086, wanda hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta tabbatar a 2024 cewa ɓarayi na amfani da shi. Amma fa ba duka ba ne. A Oktoban 2022 wani mai bincike a jami'ar Darmstadt ta Jamus ya gano ramuka a ɓangaren wayalas na kanel, waɗanda ake iya taɓawa ta iska kawai, ba sai ka buɗe wani fayil ba, kuma reshen 5.15 na cikin waɗanda abin ya shafa. Wanda aka ɗaure masa kanel kafin wannan wata, har yau da ramin yake yawo. Sannan batun wa zai kula da kai, ai ɓarayin yanzu ba zaɓe suke yi ba, taru suke jefawa. A cikin laftof ɗin nan ne ɗan canji yake shiga asusun banki, a ciki ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa yake ajiye sunaye da lambobin mambobi.

Wani abin da ya shafe mu musamman mu mazauna kudu shi ne yawancin injinan nan ba a hannunmu suke ƙarewa ba. Ka saya a Ikeja, ka yi amfani da shi shekara guda, ka ba direban tirela ya kai wa ƙaninka da ke karatu a Zariya ko Sakkwato. Mai gyaran da ya ɗaure kanel ɗin yana Ikko, kusan kilomita dubu tsakaninsu, shi kansa ya manta. Ranar da yaron ya tashi ɗaga injin zuwa Ubuntu 24.04, ɗaurarren kunshin nan na iya hana aikin tafiya, ya rasa dalili, ƙarshenta a ce masa injin ne ya mutu.

Don haka roƙona ga 'yan uwa masu gyara, idan dole ta sa kun ɗaure, ku faɗa wa mai injin da baki, ku kuma rubuta a 'yar takarda ku manna a ƙarƙashin injin, da kwanan wata da dalili. Idan kuwa direban Nvidia ne ya kafe, ku gwada Nouveau wanda ke cikin kanel tun asali, ko ku bar injin ya yi aiki da katin Intel, don yawancin waɗannan laftof kati biyu gare su, kuma mai buga takardu da kallon YouTube ba zai ga wani bambanci ba. Na'urar wayalas kuwa, ƙaramar ta USB wadda kanel ya sani ta fi arha a kan zirga-zirgar zuwa Ikeja cikin go-sulo.

Ku kuma masu injin, ku buɗe taminal yau ku buga `apt-mark showhold`. Idan bai nuna komai ba, madalla. Idan ya jero sunaye masu farawa da linux, to ku koma wurin wanda ya yi muku gyara ku tambaye shi yaushe ya ɗaure, kuma me ya sa. Kwancewar da `sudo apt-mark unhold` ake yi, amma kada ku yi ta sai kun kwafe takardunku a filashi, kuma kun tabbatar tsohon kanel ɗin yana nan a jerin GRUB ko da sabon ya ƙi tashi. Mai son ya daɗe a kan 22.04 bayan 2027, akwai Ubuntu Pro da ake bayarwa kyauta ga injin mutum na kansa har guda biyar, wanda ke tsawaita facin zuwa 2032.